Yansun Ni'ima Ce, Jariri Kuma Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda Ya fitar mana da tsirrai daga ƙasa, Ya sanya abinci da magani a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwana mata, nasiharmu ta wannan fitowa a kan yansun ce, 'yar ƙwayar nan mai ƙamshi da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci tare da hulba da shammar. Tana amfani ga babba idan ya kiyaye ƙa'ida, amma ba ta jarirai ba ce.

Duk wadda ta san ƙasar Birnin Gwari ta san dalilin da ya sa maganin gida ya yi ƙarfi a ɗakunan mata. A shekarun da 'yan bindigar dajin Kamuku da Kuyambana ke tare hanyar Kaduna da ta Funtuwa, uwa a Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi idan ɗanta ya tashi da kuka cikin dare ba ta da abin yi sai jiƙon da ke hannunta. A ƙarshen 2024 an yi sulhu har aka sake buɗe kasuwar Kara, amma sabo da jiƙo yana nan. Ba mai ganin laifin uwa, sai dai tausayi ba ya maye gurbin ilimi.

Da farko mu gyara wata fahimta. Zuma da habbatus sauda sun zo da sunansu a Bukhari da Muslim, yansun kuwa bai zo ba. Likitocin Musulmi na da, irin su Ibnu Sina wanda ya rasu a 1037, su ne suka yi bayaninsa cikin magunguna. Ke nan hukuncinsa hukuncin sauran magunguna ne, a duba amfaninsa, a duba illarsa. Don an rubuta Larabci a jikin leda ba shi ke mai da abu sunna ba, kuma jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba babban zunubi ne.

To me masana suka gano? Ƙamshin yansun daga wani sinadari ne mai suna anetol da ke cikin mansa. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya na kumburin ciki da iska da murɗawa mara tsanani, da kuma tsinka majina a tarin mura. Ma'aunin da ta bayar shi ne giram 1 zuwa 3.5, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a daddaka a zuba a kofin tafasasshen ruwa, sau 3 a rana, kuma kada a wuce mako 2. A Iran an yi wasu gwaje-gwaje a kan masu ɓacin ciki bayan cin abinci da matan da al'ada ke ɗauke musu, an ga alamun sauƙi, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Babu wata hujja da ke nuna yana ba da haihuwa ko yana warkar da ciwon suga ko daji.

Ita wannan hukuma ba ta yarda a yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 magani da shi ba, haka mai juna biyu da mai shayarwa. Ɗan abin da ake barbaɗawa a girki daban, shan sa kofi-kofi a matsayin magani daban. A 1994 likitoci a Italiya sun ba da labarin jarirai 2 da suka kamu da kasala da amai suka kasa kama nono, saboda iyayensu na shan fiye da lita 2 a kullum na haɗin da ke da yansun da shammar don ƙarin ruwan nono. Da aka daina, yaran suka warware. Mai jego, abin da ke kawo nono shi ne yawan sa yaro a nono, da cin abinci, da hutu.

Akwai kuma wani mai siffar tauraro da ake kira yansun ɗin Sin. Bishiyarsa daban ce, kuma tana da 'yar uwa ta ƙasar Japan mai guba wadda da wuya ido ya bambanta su, balle an niƙa. A 2003 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a bayan mutum wajen 40, ciki har da jarirai wajen 15, sun kwanta saboda shayinsa, wasu har da jijjiga. Don haka ki sayi ƙwaya wadda idonki ya gani, ki guji garin da ba ki san haɗinsa ba.

Ya ke 'yar uwa, Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani, ya kuma hana cutarwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa duk wanda ya yi wa wani magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, alhakin abin da ya faru yana wuyansa. Wannan ya haɗa da maƙwabciya da kaka da ungozoma da ke cewa a ɗura wa yaro. Jariri har ya cika wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo, ba dauri. Idan kukan ciki ne, ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki shafa masa baya. Idan kuwa akwai zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, kada a zauna ana cewa iska ce. A yi masa addu'a ana tafiya zuwa asibiti mafi kusa ko babban asibitin Jibril Mai Gwari. Idan uwar miji ce ta kawo jiƙon, ki yi mata bayani cikin ladabi, ki sa maigida ya taya ki. Gobe kiyama ke za a tambaya a kan wannan kiwo.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin. Wassalamu alaikum.