Takalmin ma'aikaciya: ado ko girman kai?



Wasu ƴan'uwa mata masu aiki a biro da gidajen likita na Difa sun tambaye mu wane takalmi ya dace da ma'aikaciya. Da yawan mutane suna jiran mu ce kyakkyawan takalmi haramun ne. Ba za mu faɗa ba. A cikin Sahihu Muslim, wani mutum ya gaya wa Annabi (SAW) cewa yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, sai aka sanar da shi cewa wannan ba girman kai ba ne; girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Abin da aka hana a fili yake. Aya ta 31 ta Suratun Nur ta hana mata buga ƙafa don a ji adon da ke ɓoye. Saboda haka takalmin ƙwas-ƙwas, wanda ke shelar zuwan mai shi tun daga bakin ƙofa, ya kusanci wannan hani. Yana kuma tura nauyin jiki kan yatsu, ya gajiyar da baya. Balle a rairayin ƙasarmu, inda tsininsa ke nutsewa kamar turke! Mai jinya kuwa rufaffen takalmi ya kamace ta, saboda allura da jini. Sannan a tuna da azahar: a mazhabar Malikiyya ba a shafa sai a kan huffi na fata, ɗinkakke, wanda ya rufe idon sawu. Takalmin biro bai cika wannan sharaɗi ba, sai a zaɓi mai sauƙin cirewa.

Amma inda zuciyarmu ta fi tsayawa shi ne Barwa. Mutanenta sun gudu a 2015 saboda hare-haren Boko Haram, ba su fara komawa gida ba sai a watan Yuni na 2021. Wadda ta tsere da goyo a baya ba ta tsaya zaɓen takalmi ba. Ita ce ke zuwa gaban teburin ma'aikaciya da silifas ɗaure da waya, tana neman takardar haihuwar ɗanta. To, a nan ne hadisin can yake aiki. Idan ma'aikaciya ta dubi ƙafar baiwar Allah, ta dubi tata, ta bar ta tsaye, ta auka cikin abin da aka hana, ko da takalminta shimfiɗaɗɗe ne marar ƙara. Idan ta ba ta kujera, ta saurare ta, tsadar takalmin ba ta cutar da ita ba, matuƙar ba bashi ta ci ba.

Mu ma maza sai mu binciki kanmu. Wanda ya iya siffanta takalmin kowace ma'aikaciya a Difa, ina ya kai aya ta 30, wadda ta fara umartarsa da runtse ido?