KUNYA BA TA HANA NEMAN SANI: HAƘƘIN MATA 'YAN GUDUN HIJIRA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun daga shekarar 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke a ƙasar Barno, jama'a masu ɗimbin yawa sun bar gidajensu suka ƙetare iyaka. Waɗansu aka sauke su a sansanin Minawao na ƙasar Kamaru, wanda aka buɗe cikin 2013, waɗansu a Sayam Forage cikin jihar Difa ta Nijar, waɗansu kuwa a Dar es Salam kusa da Baga Sola a Cadi, bayan harin Baga na 2015. Mafi yawansu mata ne da yara. In ana zancen taimakonsu akan ambaci hatsi da bargo da magani, amma akwai wata bukata wadda kunya ta kulle bakin kowa a kanta, watau al'amarin haila da biƙi.

A gida yarinya takan sami uwa ko gwaggo ko kaka da za ta ja ta ɗaka ta gaya mata abin da ya same ta. To, wadda gudu ya raba da waɗannan duka, ta ga jini karo na farko a cikin tanti, wa za ta tambaya? Wata takan zaci ciwo ne ta ɓoye. Wata takan daina zuwa makaranta. Wata kuwa takan bar salla wata guda cur saboda jinin da ba na haila ba ne.

Musulunci bai taɓa mai da wannan magana abin ɓoyo ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Yahudawan Madina ba su cin abinci tare da mai haila, sai aya ta 222 ta Suratul Baƙara ta sauka, Annabi (S.A.W.) kuma ya bayyana cewa saduwa kaɗai aka hana. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar domin kunya ba ta hana su fahimtar addininsu ba. Fatima bintu Abi Hubaish da kanta ta je ta yi tambaya game da jinin da ya ƙi ɗauke mata, aka sanar da ita jinin jijiya ne, ba ya kayar da salla. Su kansu sahabbai mata sun ɗanɗani hijira. Asma'u bintu Umais a Habasha ta haifi Abdullahi ɗan Ja'afar, Asma'u 'yar Abubakar kuwa da tsohon ciki ta fita Makka ta haihu a Ƙuba.

Hukuncin da ya wajaba kowace baliga ta sani ba shi da tsawo, yana nan cikin Ahalari da Risala. Mafi yawan kwanakin haila ga mai farawa 15 ne. Wadda ta saba, in jini ya zarce al'adarta, sai ta ƙara kwana 3 matuƙar ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya istihala ne, ta yi wanka ta yi salla. Mafi tsawon biƙi kwana 60 ne, amma in ya ɗauke kafin nan, ko da ranar haihuwa ce, ta yi wanka, ba sai ta jira arba'in ba. Alamar tsarki biyu ce, bushewar gaba ko fitowar farin ruwa. Tana rama azumi, ba ta rama salla. In ruwa ya faskara, kamar yadda yakan faru a sansani, taimama ta isar mata. Malaman Malikiyya kuma sun yi wa ɗaliba mai haila rangwamen karatun Alƙur'ani, saboda haka babu dalilin da zai sa ta ƙaurace wa makaranta.

Sai dai fiƙihu shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin jiki amana ne. Lalle ne a koya mata sauya ƙunzugu ko audugar mata sau da yawa a yini, da wanke ƙyalle da sabulu, da shanya shi a rana har ya bushe sarai. Da yawa kunya takan sa su ɓoye shi da danshi a ƙarƙashin tabarma, daga nan kuwa ƙaiƙayi da cuta kan samo asali. A sanar da ita cewa jini mai yawa yana jawo ƙarancin jini, kuma zubar jini ga mai ciki, da zazzaɓi bayan haihuwa, da naƙudar da ta kwana ta yini, ba abin haƙuri ba ne a ɗaka, abin garzayawa ne wurin ungozoma ko likita. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ƙayyade lita 20 na ruwa ga kowane mutum a yini, to, a cikinsa ne mace za ta sha, ta dafa, ta yi wanki, ta yi tsarki.

Wa zai ɗauki wannan nauyi? Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga amsar. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u tana yarinya aka yi hijira da ita daga Degel zuwa Gudu cikin 1804, ta san zafin gudu. Da ta girma sai ta naɗa jajjai suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, watau 'Yan Taru. Irin wannan ake bukata yau: malamai mata da suka san hukunci, tafe da ma'aikatan lafiya mata da suka san jiki, su zauna da mata cikin harshen da suke ji, ko Kanuri ko Hausa ko Fulatanci, a wurin da babu idon namiji.

Limamai su ambaci wannan a huɗuba ba tare da nauyin baki ba. Mawadata kuwa, in sun ɗaura buhun gero, su haɗa da sabulu da bokiti da yadin ƙyalle mai tsabta, su taimaka a kewaye wa mata makewayi mai ƙofa da fitila. Magidanci a sansani kada ya hana matarsa zuwa awon ciki ko wurin karatu, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Allah Ya mayar da kowane mai gudun hijira gidansa lafiya, Ya suturta matan Musulmi, Ya ba su sani mai amfani, amin.