Bankwana bashi ne

Bahaushe yana da hanyoyi da yawa na rabuwa: sai an jima, sai da safe, sai gobe, sai wata rana. Duk suna farawa da "sai", kuma wannan "sai" ɗin alkawari ne cewa za a sake haɗuwa. Bankwana ya fita daban. Ba a yin sa da mai zuwa kasuwa ya dawo. Na maniyyaci ne, da amaryar da za a kai, da majinyacin da ya ji jikinsa.

Ginin kalmar irin na "ban girma" da "ban haƙuri" ne, wato bayarwa. Mai bankwana yana ba ɗan'uwansa kwana, yana yi masa fatan kwanakin da shi ba zai gani ba. Shi ya sa ake haɗa shi da neman yafiya, da ambaton bashi, da mayar da ajiya. Hajjin da Manzon Allah (SAW) ya yi a shekara ta 10 bayan hijira ana ce masa Hajjin Bankwana, kuma huɗubarsa a Arafa ta tsaya a kan jini da dukiya da haƙƙin mata.

To, waya ta sauƙaƙa tafiya ba sallama. Tun 2022 WhatsApp ya ba da damar fita daga zaure shiru, sai shugabannin zauren kaɗai su sani. Abota ta shekaru kan mutu da saƙon da aka karanta ba a amsa ba.

Abin mamaki, na'urorin da kansu ba haka suke rabuwa ba. A tsarin TCP, wanda yawancin intanet ke gudana a kansa, kwamfutar da ta gama magana takan sanar, ɗayar ta amsa, ita ma ta sanar a amsa mata. Bayan haka wadda ta fara sallamar takan ɗan dakata, ko akwai saƙon da ya makara a hanya. Yankewa kwatsam alama ce ta matsala.

Akwai wanda tafiya shiru ce mafitarsa. Wadda ta tsere wa mai dukanta ba ya bin ta bankwana. Amma yawancinmu ba gudun cuta muke yi ba, nauyin kallon ido muke gudu. Wanda aka bari kuwa yana nan yana lissafi: laifi na yi? Lafiya yake? Kalma uku sun isa su sauke masa wannan kayan: mu yafi juna.