Haƙƙin wucewa: shin turba ta mai fili ce, ko ta jama'a?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu karatu, muna so mu yi nazari a kan wata mas'ala: idan mutum ya mallaki fili, gona ce ko daji ko dutse, shin yana da ikon ya hana ma mutane ratsawa ta cikinsa, a ƙasa ko bisa keke? Wucewar da suke yi alfarma ce da zai iya janyewa ranar da ya ga dama, ko kuwa haƙƙinsu ne?

Za mu fara da labarin Ingila, domin can ne aka daɗe ana wannan jayayya a fili. A farkon ƙarni na 20, ma'aikatan masaƙun birnin Manchesta suna wuni cikin hayaƙi har kwana shida a mako, ran Lahadi kuma su so fita shan iska a tsaunukan da ke kusa da su. Amma mafi yawan tsaunukan nan mallakar sarakai da attajirai ne, an killace su domin farautar wani tsuntsu mai kama da fakara, farautar da ba ta wuce ƴan kwanaki a shekara, an kuma zuba masu gadi da sanduna. Ran 24 ga Afrilu 1932, mutum wajen 400, bisa jagorancin wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Benny Rothman, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan ba da izni ba. Aka yi ƴar arangama da masu gadi, kotu ta ɗaure biyar daga cikinsu tsakanin wata biyu zuwa shida.

Ɗaurin nan ya ƙara jawo hankalin jama'a ga maganar. A 1949 majalisa ta yi dokar gandun dajin ƙasa da shigar jama'a karkara. A 1965 aka buɗe turbar Pennine Way mai tsawon kilomita wajen 430. A 1968 aka yarje ma masu keke bin hanyoyin dawaki, da sharaɗin su riƙa kauce ma mai tafiya a ƙasa da mahayin doki. A 2000 aka ba kowa ikon yawo a ƙasa cikin tsaunuka da fakon da aka shata a taswira. Sikotland kuwa ta zarce haka a 2003: ta halatta ma mai ƙafa da mai keke da mai doki shiga mafi yawan filaye, muddin sun kiyaye haƙƙin mai wuri.

To, wa ke da gaskiya? Kada mu yi gaggawar raina hujjar mai fili. Ya saya da kuɗinsa ko ya gada daga iyayensa, kuma dukiyar mutum abin karewa ce a shari'a. Shi ne ke kwana da asara idan an tattake shuka, ko an bar ƙofar shinge a buɗe dabbobi suka ɓace, ko an yar da wuta a busasshiyar ciyawa. Wanda bai taɓa noma ba ne kawai zai ce wannan kuka ba shi da tushe.

Sai dai mallakar ƙasa ba kamar mallakar riga ba ce. Riga idan ka naɗe ta ka sa a adaka, ba ka tare ma kowa komai ba. Fili kuwa yana tsakanin gari da gari, tsakanin gida da rijiya, tsakanin garke da mashaya. Wanda ya rufe shi ya rufe har da abin da ke bayansa, wanda ba nasa ba. Shi ya sa malaman fiƙihu suka keɓe babi ga haƙƙoƙin da ke rataye a kan ƙasar wani, kamar haƙƙin wucewa da na gudanar da ruwa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya yi masa nasiha, ya nuna masa abin ba zai cuce shi ba, har ma zai amfane shi. Da ya doge, sai Umar ya hukunta a ratsa. Haka nan ya inganta a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya, a bar mata kamu bakwai. Abin da muka fahimta a nan shi ne, hana abin da ba ya cutar da kai, alhali hanin yana cutar da wani, ba ya cikin abin da mallaka ta ba ka.

Wani zai ce: wannan ai maganar lalura ce, su kuwa mutanen Manchesta yawon shaƙatawa suka je. Amsarmu ita ce, lafiyar jiki da natsuwar zuciya su ma buƙata ce, kuma Alƙur'ani ya yi ta kiranmu a wurare da yawa mu yi tafiya a bayan ƙasa mu yi tunani a kan halitta. Mai kuɗi yana da lambunsa da motarsa. Talaka ba shi da wurin shan iska sai wanda jama'a suka yi tarayya a kansa; idan aka killace shi, shi kaɗai aka hana ma wa.

Mu nan Nijar mun san wannan mas'ala da wani suna: burtali. Kakanninmu sun bar shi tsakanin gonaki domin dabba ta wuce ba ta yi ɓarna ba. Da jama'a ta ƙaru, sai kowane manomi ya riƙa cin kunya ɗaya a shekara, har burtali ya zama zare. Ba mu manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba 1991, mafi yawansu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar da kariyar burtali, amma takarda ba ta tsare hanya idan zukata ba su ji tsoron Allah ba. A garuruwa ma haka: mai ƙara dakali ko shago a cikin titi, har mai keke da ɗan makaranta su rasa inda za su raɓa sai gaban mota, shi da mai cin burtali laifinsu ɗaya.

Amma haƙƙi ba ya zuwa shi kaɗai. Mai wucewa baƙo ne a ƙasar wani: ya tsaya kan turba, kada ya tsinki abin da bai shuka ba, kada ya leƙa gidan mutane, kada ya zubar da leda ko ya yi bahaya a hanya da inuwar da ake hutawa. Mai keke ya rage gudu ga tsoho da yaro, makiyayi ya tsare sandarsa da garkensa. Duk wanda ya ɓata, ya ba mai shinge hujja a kan sauran jama'a.

Saboda haka muna kira ga masu gonaki su mai da abin da suka ci na hanya tun suna da rai, domin gargaɗin da ya zo a kan cin ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci mai tsanani ne. Muna kira ga sarakuna da magadan gari su shata turbobi da burtali, su kafa alamu, kada su sayar da abin da aka ba su amana.

Allah ya shiryar da mu hanya madaidaiciya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.