WAYE MAI ALMAKASHIN? TAMBAYA A KAN MALLAKAR ILMI

 

Bayan sallar La'asar wani ɗan'uwa mai 'ya'ya biyu masu ciwon sikila ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce: "Malam, wai da gaske ne Turawa sun gano maganin sikila amma sun rufe shi da kwaɗo?" Na ce masa akwai ƙamshin gaskiya, amma maganar tana buƙatar zama.

Ga yadda abin yake. A 2012 wasu mata biyu masu bincike, Jennifer Doudna ta Jami'ar Kalifoniya a Amurka da Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa, suka bayyana wata hanya da ake kira CRISPR. Kamar almakashi take: tana yanke wurin da ake so a cikin ƙwayoyin gado na halitta, a gyara. A 2014 sai ga cibiyar Broad, inda Feng Zhang yake aiki, ta karɓi takardar mallakar amfani da ita a ƙwayoyin jikin mutum da dabba da tsiro. Rigima ta kaure. Matan sun sami kyautar Nobel a 2020, amma a 2022 hukumar Amurka ta ba Broad gaskiya, a 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake duba maganar. Sama da shekara goma ana shari'a.

Da wannan almakashin aka yi maganin sikila mai suna Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, wato biliyoyin naira. Alhali babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu wannan ciwo. Shi ya sa ma Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024.

To, abin lura a nan: su masu rigimar ba su suka halicci almakashin ba. Allah ne Ya sanya shi a jikin ƙwayoyin bakteriya, suna kare kansu da shi daga cututtukan da ke kai musu hari. Mutane sun gano shi ne, suka sarrafa. Shin wanda ya gano abu ya zama mai shi?

Mu mutanen Kura da Bunkure muna da misali a ƙofar gida. Ruwan da ke zuwa daga dam ɗin Tiga, babu wanda ya saukar da shi daga sama sai Allah. Amma kanal ɗin da ya kawo shi Kadawa har gonarka, mutane suka haƙa, aka kashe dukiya. Idan an ce ka biya kuɗin gyaran kanal, ba zalunci ba ne. Amma idan na sama ya toshe ruwa, shinkafar na ƙasa ta bushe yana kallo, kowa ya san sunan wannan aiki.

Shari'a ta kiyaye ɓangarorin biyu. Ta farko, ba ta yarda a ci gumin mutum ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da Shari'a ta kare, ba a keta shi. Wanda ya yi shekaru a ɗakin bincike yana da rabo, kamar yadda wanda ya raya mataccen fili yake da haƙƙi a kansa. Kada mu ruɗi kanmu da cewa komai na Bature ganima ne. In babu sakamako, 'yan kaɗan ne za su zuba dukiyarsu a bincike.

Ta biyu kuma, akwai ƙissar Abyad ibn Hammal da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya mallaka masa wurin haƙar gishiri a Ma'arib, aka ba shi. Da aka bayyana wa Annabi (SAW) cewa wurin kamar ruwa ne da ba ya yankewa, kowa na buƙatarsa, sai ya janye kyautar. Daga nan malamai suka fahimci cewa abin da Allah Ya shimfiɗa, rayuwar jama'a ta rataya a kansa, ba a danƙa wa mutum ɗaya mukullinsa. Ku duba, ita kanta kotun ƙolin Amurka a 2013 ta yanke cewa ba a mallakar ƙwayar gado kamar yadda take a halitta.

Fahimtata, kuma zan iya yin kuskure: ladan wahala halal ne, na wani lokaci, kamar shekara 20 da dokokinsu suka ɗiba. Amma idan takardar ta zama katanga tsakanin mara lafiya da magani, ko tsakanin manomi da iri, to ta shiga babin ihtikari, ɓoye abin da mutane ke tsananin buƙata, kuma hukuma tana da ikon sa baki. Na san tsadar Casgevy ba daga takarda kaɗai take ba, aikin kansa mai wahala ne, sai an yi dashen ɓargo. Sai dai wannan ba ya sauke nauyin neman sauƙaƙa shi.

Kuma kar mu ce abin yana nesa. A Amurka an kai wani manomi, Vernon Bowman, har kotun ƙoli saboda ya sake shuka waken soya mai takardar kamfanin Monsanto, kuma aka kayar da shi a 2013. A nan gida, Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa a 2019. Shi ba da CRISPR aka yi shi ba, amma ƙwayar gadon da aka sa masa ta kamfani ce, an bayar ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba. Ka ga ashe ana iya haɗa haƙƙi da jinƙai. A 2021 kuma Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri. Ya kamata ƙungiyoyin manomanmu su san abin da ke cikinta, tun kafin a wayi gari irin da ke rumbu ya zama abin shari'a.

Saura mu. Muna zagin masu kwaɗo, amma nawa muka ware don ɗan wani ya karanci wannan ilmi? Masu hali a cikinmu, waƙafi ba gina masallaci kaɗai ba ne. Ɗaukar nauyin mai bincike a kan sikila ko irin tumatir shi ma sadaka ce mai gudana. Wanda ba ya haƙa rijiya, kullum da guga a hannu zai tsaya ƙofar wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a noman raninmu, Ya ba mu ilmi mai amfani. Wallahu a'alam.