Ɗaurin Gindi

A shekarar 2009 wata matashiya 'yar Brazil mai suna Eliza Samudio ta je wurin 'yan sanda a birnin Rio de Janeiro, da ciki a jikinta, ta kai ƙarar Bruno, golan ƙungiyar Flamengo. Ta ce ya doke ta, ya tilasta mata shan maganin zubar da ciki. Aka nemi kotu ta hana shi kusantarta, alƙaliya ta ƙi, wai babu tsayayyiyar alaƙa a tsakaninsu. A watan Yunin 2010 Eliza ta ɓace, kuma har yau ba a ga gawarta ba. A 2013 kotu ta ɗaure Bruno shekara 22 da wata uku saboda hannunsa a kisan uwar ɗansa.

Muguntar Bruno tasa ce, shi da Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da mutanen da ba su kashe kowa ba suka yi daga baya. A 2017 aka sake shi na ɗan lokaci yana jiran ɗaukaka ƙara. Ko wata guda bai cika ba ƙungiyar Boa Esporte ta ɗauke shi aiki. Magoya baya suka riƙa matsowa suna ɗaukar hoto da shi, suna murmushi, kafaɗa da kafaɗa. Wannan shi ne ɗaurin gindi: ka san abin da mutum ya aikata sarai, amma tunda yana tare maka ƙwallo a raga, sai ka tsaya masa.

Haka aka yi da Robinho, wanda ya buga wa Real Madrid da Manchester City da AC Milan. A 2017 kotun Italiya ta yanke masa shekara tara bisa fyaɗen taron dangi da aka yi wa wata 'yar Albaniya a gidan rawa a Milan a 2013. 'Yan sanda sun naɗi muryarsa yana dariya, yana cewa ai a buge take, ba ta san abin da ya faru ba. Duk da haka a 2020 ƙungiyar Santos ta sa hannu da shi. Ba kunya ce ta sa ta janye ba; kamfanonin da ke ba ta kuɗin talla ne suka fara kama gabansu. Sai a watan Maris na 2024 ya shiga kurkuku a ƙasarsa Brazil.

Mu ma da muke kallo daga nesa muna da kaso. Shiga gidan kallon ƙwallo ranar da irin wannan labari ya fito, ka ji yadda hukunci ke bin launin riga. In ɗan wasan abokan hamayya ne, a yi ta tsiya da shi mako guda. In namu ne, nan take za ka ji: "Sharri ne." "Kuɗinsa take so." "Ita me ya kai ta?" Mai faɗar haka yana da ƙanwa a gida, yana da 'ya, kuma yara ƙanana na zaune a benci na gaba suna haddace yadda ake amsa wa mace idan ta ce an cuce ta.

Gaskiya ne zargi ba hukunci ba ne. Kotun Ingila ta wanke ɗan ƙwallo Benjamin Mendy daga zargin fyaɗe a 2023, kuma wanda aka wanke yana da haƙƙi a kanmu. Sai dai mai jiran hukunci shiru yake yi har alƙali ya gama. Mai ɗaurin gindi kuwa tun kafin a zauna kotu ya gama wanke gwaninsa ya jefa matar a wuta, kuma ko bayan an tabbatar da laifi, kamar na Bruno da Robinho, ba ya janye ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa a kanta.