Alhakin wanda zai kwana a bayanka

Tambayar wannan mako ita ce: mutum yana ɗaukar alhakin wanda bai taɓa gani ba, kuma ba zai taɓa sanin sunansa ba? Zan ɗauko misalin daga nesa, daga dazukan Amurka.

Akwai wata hanyar ƙafa da suke kira Continental Divide Trail. Ta taso daga iyakar Meziko har iyakar Kanada, kusan kilomita 5,000, ta ratsa jihohi biyar. Masu son kai ƙarshenta sukan yi wata biyar ko shida suna tafiya, komai nasu a jaka ɗaya a baya: tanti, bargo, 'yar tukunya, matatar ruwa, da guzurin 'yan kwanaki kafin su sauka wani ƙauye su ƙaro. A jihohin Wayomin da Montana hanyar tana shiga gandun dajin Yellowstone da na Glacier, mazaunin beyar. Wata ƙatuwar dabba ce mai gashi da manyan farata, tana jin ƙamshin abinci daga nesa sosai, gudunta kuwa yakan haura kilomita 50 a awa. Ba mai tsere mata.

Saboda haka rayuwar matafiyi tana da ƙa'ida. Da rana yana tafe yana ɗaga murya ko tafi, musamman bakin rafi da cikin duhuwa, don kada ya faɗo wa dabbar ba zato. Gwangwanin feshin barkono yana rataye a ƙugunsa. Da yamma, bayan ya taka kilomita talatin ƙafa ta kumbura, ba zai zauna bakin tanti ya ci tuwonsa ba. Sai ya yi nisan kusan mita 90 ya yi girki. In ya gama ya tattara abinci, shara, sabulu, har man goge baki, ya rataye su sama da mita uku daga ƙasa, ko ya kulle a wata gora mai tauri da dabbar ba ta iya buɗewa. Kullum haka, ko ana ruwa.

To, a ce wani dare gajiya ta kayar da shi, ya watsar da sauran shinkafa bayan dutse. Da asuba ya ɗaure jaka ya wuce, ba abin da ya same shi. Mu kan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan bakin wani ne. Beyar ta zo ta lasa, ta gane inda mutum ya kwana akwai abinci. Gobe ta dawo, tsoronta ya ragu. Bayan sati biyu wani bawan Allah ya kafa tanti a wurin.

An ga ƙarshen irin wannan. A watan Agusta na 1967, cikin dare ɗaya, beyar biyu suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19 a wurare daban-daban a Glacier. Tun kafa gandun a 1910 ba a taɓa samun haka ba. Dabbobin sun saba da sharar mutane. A ɗaya daga wuraren ma da gangan ake zuba ragowar abinci don baƙi su sha kallo. Daga baya ma'aikata suka harbe dabbobin da ake zargi. Masu zuba sharar suna gidajensu lafiya lau. Bayan wannan ne aka tsananta doka kan shara da ajiyar abinci a gandayen.

Wani zai ce, "Haba malam, cokali biyu na shinkafa? Wa zai tabbatar nawa ne ya jawo?" Gaskiya ne, ba mai tabbatarwa, kuma ba nufinsa ba ne. Amma ya san abin da ragowar ke haifarwa, an gaya masa tun a bakin hanya. Rashin shaida yana kuɓutar da mutum a gaban alƙali kawai. Kuma kowane ɗaya daga cikin ɗari da suka zubar haka ya ce a ransa. Shi kansa da ya yi barci lafiya, ai albarkacin waɗanda suka riga shi ne, da suka daure suka rataye kayansu cikin sanyi. Bashi ne ya ci, kuma ba zai gan su ba balle ya biya. Sai dai ya biya na bayansa.

Ba sai mun je Montana ba. Ledar da muka tura kwata bakin shago, damina na zuwa, ɗakin wani ruwa zai shiga a gangare, mu muna kan tudu. Tayar da direba ya san ta suɗe ya miƙa wa abokin aikinsa motar bai faɗa ba, ita ma haka.

A ganina, sanin cewa akwai mai zuwa ya isa ya ɗora maka alhakinsa, ko ba ka san fuskarsa ba. Kafin ka tashi daga inda ka sauka, waiwaya ka duba abin da ka bari.

Allah Ya sa mu dace. Juma'a mai albarka.